Ranar da Na Mayar da Kowa Shata

Shekara tara ke nan ina turin waƙa a wani ɗan shago kusa da Ƙofar Ƙaura a Katsina. Ka kawo waya ko memori, in zuba maka abin da ranka ke so, ka ba ni abin da ya sauƙaƙa. Sana'a ce mai rufin asiri, ciwon kanta ɗaya ne, sunaye. Fayil 14,000 da ɗoriya ne a kwamfutata, kusan rabinsu sunansu Track 1. Wasu a gurbin sunan mawaƙi adireshin shafin da aka sauko da su ne, wasu kuma lambar wayar wani mai turi ne da ban taɓa gani ba. Marigayi Mamman Shata shi kaɗai suna biyar gare shi a wurina: Shata, SHATA KATSINA, Dr Shata, Alh. Shata, da wani da aka rubuta "shataaa" kamar ana kiransa daga bayan katanga.

Ƙanena da ke karatun kwamfuta a jami'a ya zo hutu, ya leƙa allon, ya ce, "Yaya, wannan ai juji ne, ba kwamfuta ba." Na ce jujin ne ke biya maka kuɗin makaranta. Ya yi shiru, amma ya jawo benci.

Shi ya fahimtar da ni cewa sunan da ake gani a jikin fayil riga ce kawai. A cikin kowane MP3 akwai wani tambari da ake kira ID3, nan ake rubuta mawaƙi da take da shekara, kuma shi rediyon mota ke karantawa. Tsohon samfurin, na 1996, ɗan wuri ne mai bayit 128 a wutsiyar fayil, take ba ya wuce harafi 30. Sai a ranar na gane abin da ya sa duk waƙar sarauta mai dogon take, takenta ke yankewa a tsakiyar kirari. Shekara da shekaru ina zagin wanda ya rubuta, ashe bawan Allah wuri ne ya ƙare masa.

Ya saka mini wata manhaja mai suna beets. Ba ta da maɓallin latsawa, ba ta da hoto, baƙin allo ne kawai da ɗan farin sanda yana ƙiftawa yana jiranka. Kai za ka rubuta umarni, ita ta aikata. Duk abin da ta sani game da waƙoƙinka tana ajiye shi a fayil guda, library.db, shi ne kundin rajistar. Da farko ta so ta nemo sunayen da kanta daga MusicBrainz, wani babban rumbun bayanan waƙoƙin duniya. Muka ba ta kiɗan kalangu, ta yi tunani mai zurfi, ta kawo mana sunan wasu Turawa da harshena bai iya juyawa ba. Muka haƙura, muka shigar da komai yadda yake, da sharaɗin ni zan riƙa gyarawa da hannu.

Kafin ya koma makaranta ya zaunar da ni kamar ɗan firamare. Ya ce, "Yaya, abu biyu za ka riƙe. Ɗigo biyu tambaya ce, layi biyu hukunci ne." Wato in na rubuta artist:shata, cewa nake a nemo mini duk wanda sunansa ke da shata. In kuwa na rubuta artist= da suna, cewa nake a canza. Na ce ai ko akuya ta gane wannan.

Sati uku ina gyara. Kuma fa abin ya shiga raina. Masu wucewa su ga baƙin allo rubutu na gudu, sai su rage sauri. Mai shayin gefenmu ya daina ce mini mai turi, ya koma Injiniya, har yana ƙara mini madara. Wani yaro ya tambaye ni a asirce ko zan iya buɗe masa wayar budurwarsa. Abu ɗaya ya dame ni: duk gyaran da zan yi sai manhajar ta jera mini abin da zai canza, ta tambaye ni ko na tabbata. Ni da shagona, ni da waƙoƙina. Na bincika na gano in ka ƙara -y ba ta sake tambayarka. Na ji kamar an naɗa ni Magajin Gari.

Ranar wata Alhamis bayan la'asar na ce yau zan haɗa kan sunayen Shata. Ina rubutu ina musun ƙwallo da maƙwabcina mai cajin waya. Abin da na yi niyya shi ne beet modify -y artist:shata artist="Mamman Shata". Abin da yatsana ya buga kuwa, a gurbin ɗigo biyun nan, layi biyu ne. Hukunci biyu ke nan babu tambaya ko ɗaya. Ita kuma beets in ba ka faɗi wanda kake nufi ba, kowa kake nufi.

Rubutu ya ɓarke a allo kamar ruwan Agusta. Na jingina, na ce wa mai caji, "Ka ga aiki." Aka kira magariba, na bar wa yaron shago amana na tafi masallaci.

Da na dawo na buɗe jakar mawaƙa, wadda da rana ke ɗauke da folda ɗari shida da wani abu. Folda ɗaya na tarar. Ashe manhajar ba kundinta kaɗai take gyarawa ba, har cikin fayilolin take sake tambarin, sannan ta kwashe kowane ta kai shi gidan sabon mai shi. Waƙoƙin Indiya, Shata. Kiɗan ƙwarya na mata, Shata. 'Yan hip-hop na Legas, Shata. Har saƙon muryar uwargida da ya ɓace cikin tarin tun bara, inda take lissafa mini cefane, attarugu da daddawa da man ja, shi ma ya zama Shata. Su Track 1 kuma da suka haɗu a ɗaki guda, ta bi su da lamba kamar 'yan layin awo.

Na kira ƙanena. "Ina maɓallin komawa baya?"

"Babu, Yaya. Ka kwafi library.db kafin ka fara?"

"Mi zan kwafa?"

Na ji ya rufe bakin wayar da hannu. Dariya yake, na san shi tun yana goye. Da ya nutsu ya ce da muka shigar da waƙoƙin kwafinsu ta ɗauka, na asali suna nan a tsohon faifan ajiya. Gabana ya faɗi. Faifan nan kwana huɗu da na ba wani abokina mai hoto a Ƙofar Marusa, na ce ya goge jujin da ke ciki ya zuba bidiyon biki.

Ban san yadda na ratsa gari a babur ba, takalmi ƙafa ɗaya dai na isa da shi. Na tarar da shi a waje yana fifita da kwali. Kwana huɗu ba su ga wuta ba, janaretonsa kuma na wurin bakanike. Bai taɓa faifan ba. Tunda nake ban taɓa sa wa rashin wuta albarka ba sai daren nan.

Na dawo da jujina cikakke, Track 1 da 'yan'uwansa, gyaran sati uku ya bi ruwa. Na ɗauka magana ta ƙare.

Ranar Asabar sai ga wani Alhaji, direban Katsina zuwa Daura, tsohon kwastomana. Ashe ina masallaci ranar ya kawo memori, yaron shago ya nemo kalmar tafsiri ya zuba masa. Ya ajiye memorin a kan tebur a hankali.

"Injiniya," ya ce, "a Daura aka rufe Shata a 1999, ina cikin waɗanda suka raka shi. Amma sai jiya, muna wuce Mashi, wani fasinja ya nuna mani allon rediyo, na ga ashe marigayin ya yi tafsirin azumi har kwana ashirin da tara."

Na buɗe baki zan yi bayanin ɗigo biyu da layi biyu, ya ɗaga hannu.

"Bar shi haka nan, kar ka gyara. Tun daga Mashi har tasha ba wanda ya yi gardamar kuɗin mota, kowa ya kasa kunne yana jiran inda kalangu zai shigo."