Wasiyyar da aka bar maka a bakin daga

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu, 'yan uwana na Sakkwato da kewaye, musamman iyayenmu da yayyenmu da suka taɓa sa kakin soja.

Duk ranar 15 ga Janairu akan taru a Abuja da manyan biranen jihohi don tunawa da 'yan mazan jiya. A yi fareti, a ajiye furanni, a saki fararen tantabaru, malamai su yi addu'a. An zaɓi ranar ne domin a irinta ce, a 1970, aka kawo ƙarshen yaƙin basasar da ya ɓarke a Yulin 1967. Taro ne mai kyau, Allah Ya saka wa masu shirya shi.

Sai dai tsohon soja ba ya jiran Janairu kafin ya tuna. Ku zauna da su a majalisa bayan La'asar ku ji. Hira za ta fara da tsadar gero da jinkirin fansho, ba za a jima ba wani zai ce, "Ka tuna yaron ga na Wurno da munka taho tare daga Zariya?" Daga nan kowa ya sunkuyar da kai. Wani a ruwan Kwara ya rasa nasa, lokacin da runduna ta 2 take ta ƙoƙarin tsallakawa Onica daga Asaba a 1967. Wani a Laberiya ya baro shi bayan an tura dakarun ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, a 1990, wani a Saliyo. Matasan cikinsu za su ambaci Baga da Malam Fatori da Metele. Wasu kuwa ko nisa ba su yi ba, a dajin Sabon Birni ko Isa ko Tangaza aka yi musu kwanton ɓauna, suna ji suna gani abokin da suka ci tuwo tare ya faɗi. Kafin su duka akwai kakanninmu na runduna ta 81 da ta 82 da Turawa suka kwasa zuwa yaƙin Bama, waɗanda sunayen wasunsu ke rubuce a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon, inda da wuya a ce jikokinsu sun taɓa takawa.

Baba, wannan abin da ke taso maka a ƙirji ba rauni ba ne, kuma ba ƙarancin tawakkali ba ne. Waɗanda suka fi mu imani sun ji shi. Bukhari ya ruwaito cewa an kawo wa Abdurrahman ɗan Aufu abinci yana azumi, a lokacin da Allah Ya yalwata masa. Da ya dubi abincin sai ya ce an kashe Mus'abu ɗan Umairu, kuma ya fi ni alheri, aka yi masa likkafani da mayafin da in an rufe kansa ƙafafu su fito, in an rufe ƙafafu kai ya fito. An kashe Hamza, shi ma ya fi ni alheri. Sannan aka shimfiɗa mana duniya, har muna tsoron kada ya zama an gaggauta mana ladanmu ne. Ya kama kuka har ya bar abincin. Wannan mutum yana cikin goma da aka yi wa bushara da Aljanna. Shekaru sun shuɗe bayan Uhudu, amma akushin abinci kaɗai ya mayar da shi filin. Manzon Allah (SAW) da kansa ya yi wa shahidan Uhudu addu'a shekara 8 bayan yaƙin, kamar mai bankwana da rayayyu da matattu, haka Uƙbatu ɗan Amiru ya bayyana.

Akwai wata tambaya da ke hana da yawanku barci, ba kuma kowa kuke gaya wa ba: me ya sa shi ya tafi ni na saura? Da ban ce mu canza wurin gadi ba. Da na riga shi shiga motar gaba. Da na ɗauke shi da wuri. Wannan "da" ɗin ita ce Annabi (SAW) ya ce tana buɗe aikin Shaiɗan. Bayan an kashe Musulmi 70 a Uhudu, wasu sun yi irin wannan magana, sai Allah Ya amsa a Suratu Ali Imrana, aya ta 154, cewa ko da kuna cikin gidajenku, waɗanda aka rubuta wa kisa da sun fita zuwa wuraren da za su kwanta. A aya ta 145 kuma Ya ce babu ran da zai mutu sai da izinin Allah, abu ne rubutacce mai ajali. Halidu ɗan Walidu ya ratsa yaƙe-yaƙe, jikinsa duk tabon takobi da mashi, amma a kan shimfiɗarsa ya cika. Harsashin da ya wuce ka ya sami na kusa da kai ba kai ka karkatar da shi ba. Kwananka ne bai ƙare ba. In kuma abin ya kai kana firgita cikin dare, ƙarar tayar mota ta fashe ka nemi wurin ɓuya, ko har ka fara neman sauƙi a ƙwaya, to ka haɗa addu'a da magani. Ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya nan Kware, ba nisa. Zuwa wurin likita ba ya rage wa namiji komai, Annabi ne ya ce ku nemi magani, ya bayin Allah.

To, tun da Allah Ya bar ka, akwai abin da Ya bar ka dominsa, kuma nan ne nasihata ta dosa.

Daren da za a wayi gari a yi Uhudu, Abdullahi ɗan Amru ɗan Haramu ya kira ɗansa Jabir. Ya ce masa ina ganin ina cikin na farkon da za a kashe gobe. Akwai bashi a kaina, ka biya, kuma ka kyautata wa 'yan uwanka mata. Gari ya waye, ya zama cikin na farkon da suka faɗi. Duk wanda ya taɓa kwana a rami yana jiran asuba ya san irin wannan magana. Ba a yin ta da hayaniya. Mutum zai taɓa ka ya ce, in ban koma ba ka je wurin tsohuwata, ka duba mini yaran nan, akwai kuɗin wane a wurina. Kai kuma ka ce haba, daina wannan zance, tare za mu koma. Amma ka ji, ka kuma amsa. Wasiyya ce, ko ba a rubuta ba, kuma Allah shaida ne a kanta.

Jabir bai tsaya ga kuka ba. Saurayi ne, amma da zai yi aure sai ya auri bazawara, ya ce wa Annabi ba ya so ya kawo wa ƙannensa yarinya irinsu, yana son wadda za ta tsefe musu kai ta kula da su. Bashin kuma ya yi ta fama da masu shi har Manzon Allah ya zo gonar dabinon da kansa, ya yi addu'ar albarka, aka auna wa kowa haƙƙinsa. Ku lura da girman maganar bashi. Muslim ya ruwaito cewa ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi. Idan haka ne ga wanda ya faɗi a gaban Annabi, ina ga abokinka da ya tafi da kuɗin mai shago a bakin bariki, ko kuɗin adashi, ko rancen da ya ci don aurar da ƙanwarsa? Matarsa ba lallai ta sani ba. Kai ka sani. In kana da hali ka biya, in ba ka da shi ka tara 'yan kwas ɗinku ku yi karo-karo, ko ka je ka roƙi mai kuɗin ya yafe. Wallahi wannan ya fi masa amfani a kabari fiye da hotonsa da za ka liƙa a Facebook duk shekara.

Sai iyali. Ranar da aka kawo labari kowa zai zo, a cika ƙofar gida, a yi ta'aziyya. Matar ta shiga takaba wata 4 da kwana 10. Kafin ta fita, ƙafa ta ɗauke. Wata rana dole ta tattara ta bar gidan bariki ta koma ƙauye da marayu, ta shiga bin takardun haƙƙin mijinta daga wannan ofis zuwa wancan, ita da wataƙila ba ta taɓa fita Sakkwato ita kaɗai ba. Kai da ka san hanya, ka san takardar da ake nema da ƙofar da ake bugawa, rakiyarka ta yini ɗaya za ta iya rage mata wahalar shekara. Da aka kashe Ja'afar ɗan Abu Ɗalib a Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, Annabi (SAW) ya tafi gidansa, ya sa aka kawo masa 'ya'yansa, ya kuma ce a yi wa iyalan Ja'afar abinci domin abin da ya shagaltar da su ya same su. Ya ce mai ɗawainiya da matar da ta rasa miji da miskini kamar mai jihadi ne a tafarkin Allah. Ashe wanda ya tuɓe kaki bai rasa fagen fama ba.

Labarin da ya fi taɓa ni a wannan babi na Sayyidina Umar ne. Yana tafiya kasuwa, wata matashiya ta tare shi ta ce mijinta ya rasu ya bar mata ƙananan yara, ba gona ba dabbar tatsa, tana tsoron yunwa ta cinye su. Ta ce ni 'yar Hufafu ɗan Ima'u ce, mahaifina ya halarci Hudaibiyya tare da Annabi. Umar bai wuce ba. Ya koma ya kwanto raƙumi ƙaƙƙarfa, ya ɗora masa buhu 2 cike da abinci, ya sa kuɗi da tufafi a tsakani, ya miƙa mata akala. Wani ya ce ya Sarkin Muminai, ka ba ta da yawa. Umar ya fusata, ya ce wallahi kamar ina ganin mahaifinta da ɗan uwanta sun daɗe suna kewaye da wata ganuwa har suka buɗe ta, muka wayi gari muna rabon abin da suka samo. Haka Umar yake tuna abokan fama. Ya ga 'yar, sai ya ga uban.

Wani zai ce, abokin nawa ai ba Musulmi ba ne, ɗan Binuwai ne ko ɗan Filato. Addu'ar neman gafara tana da hukuncinta, ka tambayi malamai. Amma amana ba ta da wannan iyaka. Mutumin da ya ba ka ruwan gorarsa, ya goya ka da jini yana zuba, yana da haƙƙin abota a kanka, marayansa kuma marayu ne. Allah Ya ce a Suratul Mumtahana, aya ta 8, bai hana mu kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu don addini ba. Balle wanda ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da kai. Ka nemi lambar iyalinsa, ka kira, ka aika da abin da ya sawwaƙa.

Mu Sakkwatawa bai kamata a koya mana wannan ba. Garin nan a kan irin wannan tunawa aka gina shi. A Tsuntsuwa, ƙarshen 1804, jama'ar Shehu Usmanu sun yi asara mai tsanani, cikin waɗanda suka faɗi har da mahaddata Alƙur'ani kimanin 200. Aka sake shan wata a Alwasa a 1805. Malam Abdullahi na Gwandu ya yi musu marsiyya yana kiran sunayensu, yana kukan cewa na kirki sun tafi sun bar shi. Barikin sojan da ke cikin garin nan sunan Giginya yake ɗauke da shi, wurin da mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka tari Turawa a Maris 1903, kafin shi kansa ya faɗi a Burmi a Yulin shekarar. Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ma tsohon soja ne, ya kai Birgediya Janar kafin a naɗa shi a 2006.

Mu da ba mu taɓa jin ƙarar igwa ba, namu laifin ya fi. Tsoho zai fara ba da labarin abokinsa, yara su ce Baba ya fara, kowa ya koma kan wayarsa. Ku zauna ku saurara, ko sau goma ya maimaita. Abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa, shi kuwa abokan kukansa suna ta ƙarewa, wanda ya yi yaƙin basasa yau ya haura shekara 70. Ku tambaye shi sunan mamacin da garinsu, ku rubuta. In ƙafarsa ba ta iya kai shi Gwadabawa ko Tambuwal ko Illela, kai da ke da babur ka kai shi. Limamanmu kuma, in za a raba zakka ko a tara taimakon marayu a unguwa, a tuna da 'ya'yan sojan da aka kashe yana gadin hanyar da muke bi mu je kasuwa.

Don girman Allah, a daina yaɗa hotunan gawarwakin sojoji a waya. Akwai matan da a nan suka fara ganin gawar mazajensu kafin a zo a sanar da su. Alfarmar mamaci kamar ta mai rai ce. Haka nan a kiyaye harshe wajen yanke wa wani hukunci, ko na Aljanna ko na wuta. Magabata ba su cika cewa wane shahidi ne kai tsaye ba, sai su ce muna yi masa fatan shahada, domin Allah ne Ya san wanda aka yi wa rauni a tafarkinSa. Namu shi ne kyakkyawan zato da roƙo.

Baba, Yaya, kafin Juma'ar nan ka zauna ka tuna wanda ya taɓa ce maka ka duba masa yara. In ka san gidan, ka tafi, ko da ba ka da abin da za ka kai. In yaron ya girma, ka gaya masa yadda ubansa yake, abin da yake ba ku dariya da shi, yadda yake tashinku sallar Asuba, yadda ya tsaya ranar da wasu suka juya. Uwarsa ba ta ga wannan ba, kai kaɗai ka gani.

Allah Ka gafarta mana da 'yan uwanmu da suka riga mu imani. Ka yalwata kaburburansu, Ka biya musu basussukansu, Ka raya marayunsu rayuwa mai albarka. Ka sanyaya zukatan waɗanda suka dawo da tabo a jiki da wanda ba a gani. Waɗanda ke daji yanzu haka a Sabon Birni da Isa da Gudu da Tangaza da gaɓar Tafkin Chadi, Ka mayar da su ga iyalansu lafiya, Ka kawo mana ƙarshen wannan fitina. Amin.