Kafin na'ura ta haukace, wani ne ya sa hannu

A fim ɗin RoboCop na 1987 akwai wani ɗan gajeren wuri da ya fi sauran fim ɗin duka tayar da hankali. Manyan kamfanin OCP suna zaune a ɗakin taro can saman bene a birnin Detroit, aka shigo musu da wani ƙaton mutum-mutumi mai suna ED-209, wanda ake so ya karɓi aikin 'yan sanda. Don gwaji, aka miƙa wa wani matashin ma'aikaci bindiga aka ce ya nuna ta. Na'urar ta ce ya ajiye makami, ta ba shi daƙiƙa 20. Nan take ya yar da bindigar, kowa ya ji faɗuwarta a ƙasa. Ita kuwa ta ci gaba da ƙirga. Injiniyoyi na ta fizgar wayoyi, abokan aikinsa na ta ture shi kada ya raɓe su, har lokaci ya cika ta yi masa ruwan harsashi. Gawar na kwance, mataimakin shugaban kamfanin, Dick Jones, ya dubi maigidansa ya ce ai 'yar tangarɗa ce kawai. Dattijon ya fusata, amma ba don ran da aka rasa ba. Abin da ya ɓata masa rai shi ne jinkirin zai iya jawo musu asarar dala miliyan 50 ta kuɗin ruwa.

Irin waɗannan finafinan ƙirƙirar kimiyya na shekarun 1970 da 1980, waɗanda har gobe suke da masoya 'yan ga-ni-kashe-ni, yawanci a kan taƙaita su da cewa labari ne na na'ura ta juya wa mai ita baya. Ni ban yarda da wannan karatun ba. Duk wanda ya zauna ya kalle su da natsuwa zai ga cewa kafin ƙarfe ya fara kisa, akwai wani mai kwat da aka gargaɗa, ya ji, ya auna da kuɗi, ya ce a ci gaba. Wannan ne ya sa ba su tsufa ba, ko da yake kwamfutocin da ke cikinsu yanzu dariya suke ba yara.

Westworld na 1973, wanda Michael Crichton ya rubuta kuma ya ba da umarni, shi ya fi fito da abin fili. Kamfanin Delos ya gina wurin shaƙatawa inda mai kuɗi ke biyan dala 1,000 a rana ya shiga garin kaboyi, ko zamanin sarakunan Turai, ko tsohuwar Rum, ya harbe wanda ya ga dama, ya yi lalata da wadda ya ga dama, tunda duk mutum-mutumi ne. Da dare, baƙi na barci, ma'aikata su zo da mota su kwashe "gawarwaki" a kai ɗakin gyara, da safe a sake jera su. Ka ga tun kafin wani abu ya lalace, kisa ne hajar da ake sayarwa. Da matsaloli suka fara yawa, shugaban injiniyoyi ya shaida wa manya cewa abin yana yaɗuwa daga sashe zuwa sashe kamar cuta, kuma wasu daga cikin na'urorin kwamfutoci ne suka tsara su, su kansu ba su san takamaimai yadda suke aiki ba. Bai samu an rufe wurin ba. Ranar da ɗan bindigar nan mai baƙaƙen kaya, wanda Yul Brynner ya fito a matsayinsa, ya harbe baƙo da gaske, sai ma'aikatan suka kashe wutar wurin gaba ɗaya. Na'urorin suka ci gaba da batirinsu, ƙofofin ɗakin sarrafawa masu aiki da lantarki suka kulle, mutanen da ke ciki suka mutu saboda rashin iska. Manyan da suka ƙi jin shawara ba sa cikinsu.

Colossus: The Forbin Project na 1970 ma haka yake, sai dai a can gwamnati ce. Shugaban Amurka da kansa ya miƙa makaman nukiliya ga kwamfutar da aka binne cikin dutse, aka gina ta yadda ba mai iya kashe ta, ana alfahari da hakan. Ba a daɗe ba ta gano takwararta ta Tarayyar Sobiyet suka haɗa kai. Masu kallon wancan lokaci sun ga rikicin makamai masu linzami na Kyuba a 1962, suna kallon yaƙin Biyetnam a talabijin kowane dare, ga badaƙalar Watergate na tafe. Ba su buƙatar a koya musu zargin manya.

Akwai tuhuma mai ƙarfi a kan waɗannan finafinai, kuma bai kamata a kauce mata ba: suna cin abinci da abin da suke la'anta. Norman Jewison ya yi Rollerball a 1975 don ya nuna ƙyamar wasan da kamfanoni ke shagaltar da talakawa da shi ta hanyar zubar da jini, sai ga masu kallo wasan ne ya burge su, har aka samu masu son a fara buga shi da gaske. Stanley Kubrick ya sa an janye A Clockwork Orange na 1971 daga sinimomin Birtaniya bayan jaridu sun danganta shi da wasu laifukan matasa, iyalinsa kuma sun fuskanci barazana, bai koma ba sai a 2000, bayan rasuwarsa. RoboCop kuwa, wanda sai da aka yi ta yanke shi kafin hukumar tace finafinai ta Amurka ta sassauta masa, shekara guda bayan fitowarsa aka mayar da shi katun na yara. Da yawanmu da suka gan shi a kaset a gidan kallo, ba abin da muka riƙe sai yadda jarumi ya gama da bos.

Tuhumar gaskiya ce, kuma ba zan ce a zaunar da yaro gaban ko ɗaya daga cikinsu ba. Amma a gwada su da manyan finafinan yau, inda ake rusa birni guda ba a ga ɗigon jini ba, don kada a rasa kuɗin tikitin yara. Wanne ya fi koya wa mutum raina rai? A tsofaffin, mutuwa tana da muni, mai kallo yana jin ta a jikinsa, kuma kyamara kan juya ta nuna fuskar wanda ya ci riba. A sababbin, mugu yakan zama baƙo daga wata duniya ko wata kwamfuta da ta farka da kanta, ba kamfani, ba kwangila, ba wanda za a kama.

Yanzu da ake ta maganar ƙirƙirarriyar basira, tsoron "kwamfuta za ta farka ta mallake mu" ya fi yi wa masu sayar da ita daɗi, don yana ɗauke ido daga kansu. A Disamban 2023 babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙudurinsa na farko kan makaman da ke zaɓen wanda za su kashe da kansu, kuma ɗaya daga cikin muhimman abubuwan da ake jayayya a kai shi ne wa zai amsa laifi. A kan titi ma an riga an ga samfurin amsar. A Maris 2018 wata motar gwaji mai tuƙa kanta ta kamfanin Uber ta kaɗe wata mata da ke tsallaka titi da kekenta a garin Tempe na jihar Arizona, ta mutu. Binciken hukumar kiyaye haɗurran sufuri ta Amurka ya nuna na'urar ta hango ta fiye da daƙiƙa biyar kafin karon, ta yi ta sauya ra'ayi kan ko mene ne a gabanta, kuma kamfanin ya riga ya kashe birkin gaggawa na asali da motar ta zo da shi. Direbar da aka ajiye don sa ido ita ma hankalinta na kan waya. Masu gabatar da ƙara suka ce ba su ga laifin da za su tuhumi kamfanin da shi ba. Direbar ita kaɗai aka gurfanar, a 2023 ta amsa laifi, kotu ta sa ta ƙarƙashin sa idon hukuma na shekara uku.