Kafin ka hau layin dogo da waya a hannu

Ƙannena maza da mata, wasa da rai a gaban kyamara ya girmi kakanninku. Daga 1914 zuwa 1917, kamfanin Kalem na Amurka ya yi ta sakin wani fim mai dogon zango, The Hazards of Helen, har kashi 119, a zamanin da fim ba shi da murya. Jarumar ma'aikaciyar tangaraho ce a tashar jirgin ƙasa. Yau ta bi ɓarayi da gudu a saman tarago, gobe ta diro daga gada ta tsayar da jirgin da ya ƙwace. Helen Holmes ce ta fara, daga baya Helen Gibson ta karɓa, kuma yawancin abubuwan nan da jikinsu suka yi. Ina jinjina musu, domin sun nuna mace tana ceton mutane, ba ta zauna jiran a cece ta ba.

Amma ku dubi abin da majigi bai nuna ba. Gibson ba daga sama ta faɗo ba, ta yi shekaru tana sukuwa da wasan doki a gaban jama'a kafin ta taɓa tarago. Ranar da za ta yi tsalle daga rufin tasha zuwa kan jirgi mai tafiya, sai da aka auna ratar, ta gwada tsallen jirgin yana tsaye, matuƙi ya san gudun da zai zo da shi. Duk da haka da ta dira sai jirgin ya mirgina ta zuwa bakin tarago, Allah ya sa ta cafke wani ƙarfe a rufin. Ga kuma dabarar masu ɗauka: da hannu ake juya kyamarar lokacin, in aka juya ta a hankali, jirgin da ke rarrafe sai ya fito a majigi kamar walƙiya.

To, kai da ka tsaya a kan dogo kana jiran jirgi ya matso don bidiyon TikTok, wa ya auna maka? Wane matuƙi ne ya san da kai? Jirgi mai kaya yana iya cin fiye da kilomita guda kafin birki ya tsayar da shi, kuma ba shi da sitiyarin kauce maka. Haka mai ɗaga babur ranar ɗaurin aure, abokai na ihu suna ɗauka.

Ko ƙwararrun ba su tsira ba. Pearl White, tauraruwar The Perils of Pauline na 1914, ta ji rauni a ƙashin baya wajen aiki, ciwon ya bi ta har ta rasu a Faransa a 1938 tana da shekara 49. A 1922, ana ɗaukar fim ɗinta Plunder a birnin New York, wani mai suna John Stevenson ya sa kayanta don ya yi tsalle a madadinta daga saman bas zuwa ƙarfen gadar jirgi. Hannunsa ya kuɓuce, ya faɗo, ya mutu. Mutane sun ci gaba da sayen tikiti, akasarinsu ba su taɓa jin sunansa ba. Wannan ne ya fi ci min rai, domin masu danna maka alamar so ba su ne za su yi jinyarka a asibitin ƙashi ba, mahaifiyarka ce.

Ban ce ku bar sha'awar fim ba. Mai son wannan aiki ya nemi waɗanda suka iya ya zauna a ƙarƙashinsu, ya koyi yadda ake yanka hoto da haɗa shi har mutum da jirgi su bayyana wuri ɗaya alhali ba su taɓa haɗuwa ba. Wayar da ke hannunku ma tana iya wannan. Idan kuma aboki ya miƙo maka waya ya ce ka ɗauke shi a kan dogo, ka mayar masa da abarsa, ka riƙo hannunsa ku sauka.