Teku na kowa ne, amma kwana a bakinsa sai mai sabuwar mota

Jama'a, ranar Juma'ar da ta wuce an ci mini mutunci a gaban iyalina, kuma ba sata na yi ba, ba kuɗin wani na hana ba. Laifina dai motata ta tsufa.

Duk wanda ke zaune a tsakiyar Kalifoniya, wajejen Fresno, ya san watan Yuli. Zafi ya haura digiri 40, yara na hutu sun hana kowa sakat, ga teku kuma tafiyar da ba ta wuce awa uku ba. Otal a bakin ruwa a wannan lokaci ba na irinmu ba ne. Shi ya sa na yi ta tari har na sayi RV, wato motar da ake kwana a cikinta, ta hannu, ƙirar 2009, mai gado da kicin da banɗaki a ciki, don mu dafa abincinmu na halal, mu yi sallarmu, ba mu takura wa kowa ba. Fentinta lafiya, injinta lafiya, ko ɗigon mai ba ta zubarwa.

Na kama wuri a wani sansanin ajiye irin waɗannan motoci, mallakar 'yan kasuwa, da ke bakin teku, na biya ta intanet, suka aiko mini da shaida. Bayan la'asar muka isa. Na shiga ofis da fara'ata, na tarar da wata mata tana taunar cingam tana danna kwamfuta. Na gaishe ta, na miƙa lasisi. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Motarka ƙirar wace shekara ce?"

Na ce 2009.

Sai yatsunta suka tsaya. Ta sauke tabarau, ta leƙa taga, ta daɗe tana kallon motar, sannan ta dawo da idon kaina, daga hula har takalmi.

"Yallaɓai, ba ma karɓar motar da ta wuce shekara goma."

Na ce, "Baiwar Allah, ai na biya. Ga shaidarku nan a wayata."

"Kwamfuta ce ta karɓi kuɗinka, ba ni ba."

Ka ji fa! Ashe kwamfutar wani kamfani ne daban, ita kuma baƙuwa ce a ofishin. Da ana cire kuɗin ba wanda ya tambayi shekarun mota, sai da kuɗi ya shiga aljihu aka tuna akwai doka. Ta juyo mini da allon, ta nuna wani layi can ƙasa, rubutu ƙanana da sai ka matse ido: mai tsohuwar mota ya aiko da hoto, manaja ya duba.

Na ce, "Hoto kuma? Ga motar nan a ƙofarku, taku goma. Ki fito ki gani da idonki."

"Doka ta ce hoto."

Na fita, na ɗauki hoton, na dawo na miƙa mata wayar.

"Ta imel ake aikowa. Kuma manaja ne ke dubawa."

"To ina manajan?"

"Sai Litinin."

Litinin! Ni da na biya kuɗin Juma'a zuwa Lahadi. Duk wannan na shanye. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne tambayar da ta biyo baya, wadda ta yi da murya ƙasa-ƙasa, wai ita mai tausayi: "Kuna dai da gida, ko? Ina nufin adireshi na dindindin. Ka san muna samun masu shigowa su ƙi fita."

Inna lillahi. Lasisina na gabanta, adireshina a rubuce. Ni da nake biyan haya da haraji ba fashi, yau ni ake tambaya ko ina da makwanci.

Muna cikin haka sai ga wata ƙatuwar mota sabuwa fil, tsawon bas ɗin haya, tana jan ƙaramar mota a baya. Mai ita ya shigo da karensa. Nan take cingam ya ɓace, haƙora suka fito, har da zagayowa daga bayan kanta a ba kare biskit, a tambayi sunansa. Karen dai an yi masa maraba, ba a nemi hotonsa ta imel ba. Ni kuwa aka ce za a mayar mini da kuɗina, ban da na dare ɗaya da wani wai kuɗin hidima. Wace hidima? Ta kallon raini?

Uwargida ta leƙo ta ce, "Abban Ummi, rabu da ita, mu tafi." Ƙaramar tana ta tambaya yaushe za mu ga ruwan. Ruwan kuwa muna jin ƙararsa daga inda muke tsaye.

Wani zai ce me ya kai ka wurin 'yan kasuwa, ga sansanonin gwamnati masu sauƙin kuɗi? Wanda ya faɗi haka bai taɓa gwadawa ba. Wata shida kafin ranar ake buɗe rajista, ƙarfe 8 na safe daidai. Mai son kwana a Carpinteria ko El Capitán ko South Carlsbad a Yuli, tun Janairu zai zauna gaban kwamfuta yatsa a kan maɓalli, kuma kafin shayinsa ya huce an wawashe komai kamar an watsa wa kaji tsaba. Wane ma'aikaci ne ya san ranar hutunsa wata shida gaba? Direban babbar mota? Mai aikin dare a asibiti? Har sana'a aka buɗe a kan wahalar tamu: manhajoji da za ka biya su riƙa yi maka gadin wanda zai fasa. Sannan ka bi ta wurin da yamma ka ga allo ya ce an cika, filaye kuma ga su nan wayam, saboda masu hali sun kama sun ƙi zuwa, asarar 'yan daloli ba ta dame su ba.

A 2021 kaɗai masana'antun Amurka sun fitar da RV kusan 600,000. An sayar, an karɓi haraji, ba wanda ya tambayi inda za su kwana. Wuraren ma raguwa suke: sansanin Seacliff, kusa da Santa Cruz, igiyar ruwa ta ragargaza shi a Janairun 2023. Akwai wani a Los Anjelis da yake kan yashi sosai, sai dai jirage na tashi ta saman kanka, matatar bahayar birni kuma maƙwabciyarka ce. Ka ce to bari in raɓa gefen titi zuwa asuba, garuruwan bakin teku da yawa sun kafa alluna sun hana manyan motoci kwana. Filin ajiye motoci na manyan kantunan Walmart da matafiya suka saba fakewa, a nan sau da yawa dokar gari ta hana. Mu dai a wurin hutawar direbobi muka ƙare, can nesa da ruwa, inda awa takwas kawai aka yarda ka yi, tsakanin tireloli masu kwana da inji a kunne.

Matar nan ma ba ita ce ta fi ba ni haushi ba, 'yar aike ce. Tun 1976 Kalifoniya ke da dokar gaɓar teku, wadda ta ce jama'a na da haƙƙin isa bakin ruwa, har ta ce a kare wuraren saukar baƙi masu rahusa. Daɗin karantawa. Amma attajiri Vinod Khosla ya sayi filin Martins Beach a 2008, ya garƙame hanyar da mutane suka saba bi, aka yi ta shari'a har Kotun Ƙolin Amurka ta ƙi sauraron ƙararsa a 2018. Shekaru ana jan mutum ɗaya a kan ƙofa ɗaya. To ni wa zai tsaya mini a kan kanta?

Kuma kowa ya san tushen wannan doka ta shekara goma. Haya ta gagari mutane, dubbai sun koma kwana a tsofaffin motoci, a Los Anjelis da Oakland da San Jose. Dokar jiha ta ce wanda ya wuce kwana 30 a sansani ya zama ɗan haya, fitar da shi sai an bi ƙa'ida. Maimakon gwamnati ta gina gidajen da talaka zai iya biya, sai aka bar masu sansani suna tace mutane da shekarun mota, birane kuma suna kora. A Yunin 2024 Kotun Ƙoli ta ƙara musu ƙarfi a shari'ar Grants Pass, ta ce ana iya hukunta mai kwana a waje ko da babu gadon da za a ba shi. Wato wanda ba shi da gida a kore shi, wanda yake da gida amma bai yi kama da mai kuɗi ba, shi ma a haɗa da shi.

'Yan majalisa fa sun yi ƙoƙari, kada a ce ban faɗa ba. A 2023 Gwamna Newsom ya sa hannu a wata doka: wanda ya kama wuri ya ƙi zuwa zai yi asarar kuɗinsa, ba a wuce dare bakwai a jere lokacin cunkoso. Madalla. Batun ƙarancin wurin fa? Sai suka ce a gwada jefa ƙuri'a a sansanonin da aka fi rububi, waɗanda ba su wuce biyar ba. Jihar da ke da mutum kusan miliyan 39 da gaɓar teku sama da mil 800, dabarar da ta samo wa mai biyan haraji ita ce ya rubuta sunansa ya koma gida ya jira sa'a.