Jitar sidi 150

A wani shagon kayan gwanjo da ke Asafo a Kumasi na gan ta, jingine tsakanin tsohon firji da keken ɗinki. Tsirkiya biyu ce ta rage cikin shida, kunne ɗaya cikin waɗanda ake murɗawa ya karye, bayanta kuma da tsaga. Mai shagon ya rantse daga Jamus aka kawo ta, ya ce sidi 400. Na taya 100. Muka yi ta ja da Turanci da guntun Tuwi, har ya sallama a 150 yana dafe ƙirji.

Ni dai tun ina yaro nake sha'awar kiɗan Koo Nimo, dattijon nan na Kumasi da aka haifa a 1934. Na ce in yatsun tsoho na iyawa, nawa me zai hana su?

Da na shiga gida a Aboabo, uwargida ta dubi jitar, ta dube ni. "Baban Fati, itacen girki ka sayo mana?" Ban tanka ba.

Kunnen da ya karye, wani makanike a Suame Magazine, unguwar makanikai, ya ƙera min da guntun ƙarfen kaburetar mota. Yana aiki, sai dai sai da filaya. Tsagar kuwa, kafintan unguwarmu na kai wa, mutumin da duk benci da akwatin lefe na layinmu aikinsa ne. Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne, ya ce hunturu ne ya busar da katakon. Wannan gaskiya ne. Ya ɗura farin gam, ya naɗe ta da robar tayar keke, ya ɗora mata bulo biyu. Na ce, "Masta, ba za ta fashe ba?" Ya ce katako ai katako ne.

Saura tsirkiya. A Adum yaron shago ya miƙo min na ƙarfe, ya ce su ne masu ƙara, kuma sun fi araha. Abin da bai faɗa ba, jitata irin ta tsirkiyar nailan ce. Na nailan jansu kusan kilo 40 ne, na ƙarfe kuwa sukan kai 70, ita kuma ba ta da sandar ƙarfen nan da ake sa wa cikin wuya don ta ɗauki nauyin. Ashe baiwar Allah tana ta haƙuri ne tun daren da na ɗaura su.

Ranar Asabar da safe na fito tsakar gida, na shimfiɗa tabarma. Gidan haya ne, kowa na waje: masu wanki, yara, ga Hajiya Babba tana dama kokon sayarwa. Na gyara zama, na ɗaga filaya, na ƙara murɗa kunnen Suame kaɗan don muryar ta hau.

Tas!

Jakin da ke riƙe da tsirkiyoyin ya ɓalle daga jikin jitar, ya tsinke biyu, ya wuce ta gefen kunnena kamar an harba gwafa. Sai ji muka yi tsulum cikin tukunyar Hajiya. Tsit. Ta sa ludayi ta tsamo shi, koko na ɗiga, ta ce, "Ɗan nan, waƙar ke nan ko somin-taɓi ne?" Yara suka kwanta ƙasa. Kokon dai ni na saye shi, tukunya guda, sidi 120, har da ƙosan da ba abin da ya same shi.

Masta bai ji komai ba da na mayar masa. Ya wanke jakin, ya kafe shi da noti huɗu irin na gado. Na sayo tsirkiyar nailan. Yanzu tana kiɗa, kodayake kowace murya sai ta biyo da wani zzz da ba ni na sa shi ba. Uwargida ta yi lissafi a bayan kalanda, ta ce kuɗin sun haura na sabuwa. Ban duba ba, ba na son rigima.

Shi kuwa Masta har ya sa an rubuta masa allo: ana gyaran kayan kiɗa. Duk mai shakka, wurina yake turo shi shaida. Jiya wani saurayi ya zo rungume da jitarsa yana tambaya ko aikin na da kyau. Na ce ya je, amma ya fara tambayar Hajiya nawa tukunya take yanzu.