Yaye ba lissafin watanni ba ne

Da zarar yaro ya fara tafiya, kowa sai ya zama malamin yaye. Wannan ta ce ya yi wayo a cire shi, waccan ta ce zalunci ne a raba shi da nono bai cika shekara biyu ba. Uwar da ke tashi da tsakar dare kuwa ba a cika jin ta bakinta ba. A ganina duka ɓangarorin watanni kawai suke ƙirgawa, alhali abin dubawa shi ne me yaron ke ci, kuma wane hali uwar take ciki.

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sananniya ce: nono zalla na wata 6, ko ruwa ba a haɗawa, sannan a fara ba da abinci ana ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye. A 2022 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, wadda a da take cewa shekara 1 ko fiye, ita ma ta dawo kan shekara 2. Masu cewa nono yakan zama ruwa bayan shekara ɗaya ba su da hujja. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, daga wata 6 zuwa 12 nono na iya ba yaro rabin kuzarin da jikinsa ke buƙata ko fiye, daga wata 12 zuwa 24 kuma kashi ɗaya cikin uku. Ga shi kuma ranar da zazzaɓi ko gudawa suka sa yaro ya ƙi komai, sau da yawa nonon kaɗai yake karɓa.

To amma a juya wannan lissafin. A shekara ta biyu, kashi biyu cikin uku daga kwano za su fito. Nono ba shi da sinadarin ƙarfe mai yawa, ajiyar da aka haifi jariri da ita kuma takan ja baya wajen wata 6. Ɗan shekara biyu da ya maƙale wa nono yana ƙin abinci na iya fin wanda aka yaye da wata 15 kusa da ƙarancin jini, in dai na biyun yana ci sosai. Saboda haka kafin a tsayar da rana, a duba: yana cin abinci mai gina jiki sau 3 zuwa 4 a yini? Yana sha da kofi? In an je awo, nauyinsa na ƙaruwa? Inda amsar ta zama a'a, musamman inda ruwa mai tsafta ke wuya, gaggawar yaye ƙofar tamowa ce.

Ita ma uwa tana da riba a doguwar shayarwa. Wani babban nazari da mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 2002 ya gano cewa kowane wata 12 na shayarwa na rage haɗarin sankarar mama da kashi 4.3 cikin ɗari. Sai dai kada a mayar da wannan bulalar dukan uwa. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta shekarar 2000 mako 14 ta sa a matsayin mafi ƙarancin hutun haihuwa, bai ma kai wata 6 ɗin ba, mata da yawa kuma ko shi ba sa samu. Wata uwar magani ne ya hana ta shayarwa, kamar na sankara. Wata kuma ta gaji ne kawai, kuma gajiya dalili ce. Alƙur'ani, a aya ta 233 ta Suratul Baƙara, ya ambaci shekara biyu ga wanda ke son cika shayarwa, kuma ya ɗauke laifi ga iyayen da suka yaye bisa yarda da shawara a tsakaninsu.

Sabon ciki fa? Galibi ba ya wajabta yaye nan take in cikin lafiyayye ne. Nonon ba ya zama guba, raguwa yake yi, ɗanɗanonsa ya canza. Mai tarihin ɓari ko haihuwar bakwaini ita ce za ta fara jin ta bakin likita.

Abin da na fi ƙi shi ne yayen dare ɗaya. Mama ya cika ya yi tauri, wani lokaci har kumburi da zazzaɓi, yaro kuma ya rasa abinci da wurin lallashi a lokaci guda. Gara a cire shayarwa ɗaya, a bari kwanaki su wuce, sannan a cire ta gaba, ta kwanciyar barci ta zama ta ƙarshe. Kada a fara yana jinya. Jaririn da bai kai shekara ba in ya ƙi nono kwatsam, yawanci ba yaye kansa ya yi ba, a duba toshewar hanci, ciwon kunne ko haƙori. A dararen farko kuwa uba ne ya fi dacewa ya tashi ya rarrashe shi, don yaron da ke jin ƙamshin nono a jikin uwarsa da wuya ya haƙura da kofi.