Alhaji ya kai iyali restora

Kwana biyu bayan ƙaramar salla, Alhaji Bagobiri mai shagon atamfa a babbar kasuwar Maradi ya cika alkawalin da ya ɗauka tun azumin bara, ya kwaso gida kaf cikin adaidaita huɗu sai wani restora can wajen unguwar Ali Dan Sofo. Yaron da ke tarbar baƙi kuma Bazabarme ne, kun dai san wasan taubasantaka da ke tsakanin Bagobiri da Bazabarme, kowa na ce ma ɗaya bawanshi.

YARO: Sannunku da zuwa Alhaji. Ku nawa ne?

ALHAJI: Mu kaɗan ne. An ce mani kuna da teburin iyali.

YARO: Akwai, mai kujera shidda.

ALHAJI: Shidda? Iyalin nasara ke nan. Hajiya hwaɗa mashi.

HAJIYA: Mu 23 ne, banda na goye.

YARO: To sai dai a haɗa tebur huɗu a ɗaki mai sanyi, amma shi akwai ƙarin jika biyu.

ALHAJI: Sanyin ma saida shi kuke? Kai mu ƙarƙashin bedin can, iskar Allah ba ta da resi.

AMARYA: Ni dai Alhaji a ware mani nawa tebur, ba na son takura.

HAJIYA: A ware mata, ta samu wurin ɗaukar hoto. Tun cikin adaidaita take murguɗa ma waya baki.

GWAGGO: Ni ku ba ni tabarma, wannan kujerar roba ba ta da amana. Ɗan nan miƙo mani kwanon hurata.

YARO: Gwaggo ba a shigowa da abincin waje.

GWAGGO: Wane waje? A ɗakina na dama ta.

Aka kawo takardar abinci, duk da Faransanci, Alhaji ya juya ta sama ya juya ta ƙasa ya ce ya manto madubin idonshi a shago, sai ya miƙa ma ɗan lakwal.

ƊAN LAKWAL: Baba akwai ri gra, akwai gasasshen zabo, akwai kifi, akwai salad...

GWAGGO: Mine ne salad?

ƊAN LAKWAL: Ganye ne ɗanye da tumatir.

GWAGGO: A kai ma jar akuyata, ita ta san daɗinshi.

ALHAJI: Kifin na Madarunfa ne?

YARO: Na firiza ne Alhaji.

ALHAJI: To bar shi inda yake, kar mu tada shi. Zabo nawa?

YARO: Jika huɗu.

ALHAJI: Ɗaya?! Zabon aikin hajji ya yi? Shinkafa fa?

YARO: Faranti dala ɗari ukku, jika da rabi ke nan. Amma yaron da bai kai shekara biyar ba kyauta ne.

ALHAJI: Alhamdulillahi, yanzu ka yi magana. Duk waɗanga da ka gani ba wanda ya kai biyar.

YARO: Har wancan mai gemun?

ALHAJI: Gujiya ce ta amshe shi.

YARO: Alhaji in ba ka shawara tsakani da Allah, taro irin naku ba a yi mashi faranti faranti, babban tire ake ɗauka na mutum goma, jika goma, da miya da nama a kai, ya fi sauƙi kuma kowa ya sa hannu.

ALHAJI: Tire? In tire ne mi ya hiddo mu daga gida? To kawo biyu. Zabo guda, a yanka shi 23.

HAJIYA: Kawo zabi huɗu ɗan nan, kar ka kula shi.

AMARYA: Nawa daban, kuma da cokali mai yatsu.

ALHAJI: Yau kuma kanku ya haɗu? Shekara ukku ina roƙon Allah ku shirya, ashe a kan aljihuna za a yi sulhun.

Abinci ya zo, wurin ya yi tsit in banda ƙarar ƙashi. Gwaggo da ta ce ba ta ci ita ta cinye ƙirjin zabo ɗaya, ta ƙulle cinya a bakin zane wai ta jikanta da aka baro gida, alhali ba a baro kowa ba. Alhaji kuwa loma ɗaya lissafi ɗaya. Daga ƙarshe yaro ya aje takarda.

ALHAJI: 46.100. Naira ko?

YARO: Sefa, Alhaji. Nan ba Jibiya ba ce.

ALHAJI: Tsaya. Tire biyu ashirin, zabi sha shidda. Lemu 27 kuma na wa? Mu 23 ne, ni kau ruwa na sha.

YARO: Ka sha biyu Alhaji, Gwaggo ce ba ta sha ba. Sauran huɗun na masu adaidaita ne.

ALHAJI: Wa ya gayyato su?

HAJIYA: Kai ka ce su jira sai an koma ka biya su. A bar bayin Allah a rana suna kallon bakinmu?

ALHAJI: Wannan jika biyun na ƙasa fa?

AMARYA: Na ɗan shiga ɗakin sanyi ne na yi hoto.

ALHAJI: Inna lillahi. Kai yaro, ba Bazabarme ba ne kai? Tun yaushe bawa ke amsar kuɗi hannun ubangijinshi?

YARO: Ni da nawa ne wallahi na yafe, na saba ciyar da bayina. Amma wurin na patron ne.

ALHAJI: Kira mani shi.

YARO: Ɗan Tibiri ne shi ma.

ALHAJI: Ka ga ɗan uwa! Shi ke nan magana ta ƙare, ce mashi Bagobiri ne ya zo.

YARO: Na hwaɗa mashi tun shigowarku. Shi ya sa ya ce a sa ma ƙofa kwaɗo.